Ranar da Baba Ya Kira Sunana

Kun taso kun tarar da ni ina ɗingisa ƙafar hagu, kun kuma taso da labarin da ake ba ku a kanta, wai na hau dutse ne in ɗebo wa kakanku magani, na zame na faɗi. Labari ne mai daɗin ji, ni kaina na sha gyaɗa kai idan ana ba da shi a gabana. Baffanku Isiyaku ne ya tsara shi tun a gindin dutsen don ya rufa mini asiri, kuma yau kusan shekara arba'in bai canja ko kalma ɗaya ba. Har wannan ma haushinsa nake ji, domin ko a wajen ƙarya ya fi ni kirki. Yanzu gemu ya yi fari, gwiwa ta fara gardama da ruku'u, ga shi kuma na ji wasunku suna ƙananan maganganu wai Isiyaku ya danne gadon maganin gidanmu ya bar ubanku da garma. Bai danne komai ba. Ku zauna ku ji yadda aka yi.

Ni da Isiyaku uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, don kada wani ya ce 'yan ubanci ne. Abin da ya raba mu shi ne ni ɗan fari ne, a gidan da al'adar Fulani ba ta saki kowa ba. Ku 'yan yanzu ba ku san nauyin wannan ba. A wancan zamani uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya wasa da shi. Alkunya ake ce wa abin, kuma wanda ya fi iya ta shi ne mutumin kirki. Baba kuwa ya iya ta har ta wuce misali. Ana yaye ni aka kai ni wurin kakata a Falgore ta ƙasar Rogo, ban dawo ƙauyenmu na kusa da Daurar Karaye ba sai da ta rasu, ina ɗan shekara goma sha ɗaya. Ranar da aka kawo ni na tarar da Baba a zaure yana dakan saiwa, wani yaro mai ƙaton ciki yana zaune a cinyarsa yana ja masa gemu. Aka ce da ni wannan ƙanenka ne. Baba ya ɗaga kai ya dubi ƙunshin kayana, bai dube ni ba, ya ce a shiga da baƙo ciki a dama masa fura.

Tun daga ranar sunayena a bakinsa uku ne: “kai”, da “yayanku”, da “mutumin Falgore” idan yana cikin nishaɗi. Isiyaku kuwa sunansa ba ya hutawa. Isiyaku kawo turmi, Isiyaku ka ci abinci, Isiyaku Allah ya shirye ka. Ko zagi ne, ni da za a haɗa da sunana da na karɓa hannu bibbiyu. Na san al'ada ce, kowa ya gaya mini al'ada ce, Inna ma haka take yi mini, amma sani daban, abin da zuciya take ji daban. Sai na ɗauki aiki na ɗora wa kaina. Ni ne huɗa, ni ne noma, ni ne kai shanu rafi, ni ne yaɓen rumbu. Idan na gama kadada a yini ɗaya, Baba zai zo ya tsaya a bakin gona ya ce da iska, “An yi aiki a nan.” An yi. Kamar aljanu ne suka zo suka yi.

Sana'ar Baba magani ce, na mutane da na dabbobi, gadon kakanni. Jigon maganin nasa kuwa sassaƙen hano ne. Kun san hano, ga shi nan ana shinge da shi a ko'ina, amma Baba ba ya taɓa na shinge, ya ce wanda ya sha ruwa ya ƙoshi ba shi da ƙarfi. Nasa guda ɗaya ne, a ƙololuwar wani dutse da muke kira Dutsen Shaho, can bayan Ruwan Bago, itacen da ya fito a tsagar dutse yana rayuwa da abin da Allah kaɗai ya sani. Shekara-shekara, a bazara kafin ruwan farko, yakan hau shi kaɗai ya yi sassaƙen gabas da na yamma, faɗin tafin hannu, ya sauko. Kuma dokar gidanmu ita ce mutum ɗaya ake haurawa da shi a kowane zamani. Wanda aka nuna wa hanon, shi ne magaji, ba sai an tara mutane an faɗa ba. Sau uku ina raka Baba wurin ina saurayi, sau ukun kuma a gindi ya bar ni ina tsaron jaki, ina ɗaga kai har wuyana ya ƙage.

Shekarar da nake ba ku labari ita ce ta canjin kuɗi, lokacin soja. Daminar da ta wuce ruwa ya ɗauke da wuri, ciwo ya shiga shanu, mutane suka yi ta sintiri a zaurenmu har jakar sassaƙen ta koma gari. Baba ya haura saba'in, numfashinsa ya fara gajarta. Ni ina da shekara ashirin da takwas, na auri mahaifiyarku Hajara, Habibu yana goye. Kowa ya san hawan bana shi ne na ƙarshe, kowa kuma ya san ba zai hau shi kaɗai ba. Na sayo sabon takalmin taya a kasuwar Karaye ban gaya wa kowa dalili ba. Ran Talata da yamma muna cin tuwo a ƙofar gida, mu uku a akushi ɗaya, Baba ya suɗe hannu ya ce:

“Isiyaku, ran Asabar ka kwana da shiri. Da asuba za mu je dutse.”

Isiyaku ya dube ni. Wannan kallon na tausayi shi ya fi ƙona ni, da ya yi murna a fili da ya fi mini sauƙi. Ya ce, “Baba, Yaya fa?”

“Yayanku yana da shanu,” in ji Baba, ya miƙe ya ɗauki buta.

Na tsame hannuna daga akushin. Kwana biyu ina yawo da wani abu a ƙirji kamar na haɗiyi garwashi. In na ga Isiyaku yana alwala sai in ji haushin yadda yake wanke ƙafa. In ya yi dariya sai in ce da ni yake. Yaron nan ko kunya ɗaya ta gona ba ya iya kaiwa ƙarshe sai ya tsaya hira, kura ta taɓa cin ɗan maraƙi yana barci a gindin kuka, amma shi ne za a kai. Hassada ce, ba na neman mata wani suna. Na san wa'azin da ake yi a kanta, na san tana cin lada kamar yadda wuta ke cin kara, na kuma zauna na rungume ta.

Ran Alhamis da safe na shiga zaure na zare gizagon Baba daga inda yake saƙale, na cika gora da ruwa, na ɗaure a keke. Hajara ta tsaya a bakin ɗaki da Habibu a baya tana kallona. Na ce mata kasuwar Rogo za ni. Ta dubi gizagon, ta ce ita dai ba ta taɓa jin ana cin kasuwa da gizago ba, kuma rana ta riga ta fito, in bari mana ko zuwa gobe. Na ce mata tun yaushe mata suka fara ba da izinin fita. Ta juya ta koma ɗaki. Mahaifiyarku ba ta da yawan magana, amma duk abin da ta hana ni na yi, sai na dawo ina tsaki. Niyyata a lokacin, Allah shi ne shaida, ba ta wuce in riga su ba. In hau, in nemo hanon da kaina, in yi sassaƙe, in zo in zube a gaban Baba in ga ko zai ce “an yi aiki”.

Abin da ban lissafa ba shi ne dalilin da ya sa Baba yake fara hawa da duhun asuba ya sauko kafin hantsi ya dubi ludayi. Ni sai da hantsi ya ɗaga sosai na isa gindi. Na jingine keke a jikin wata aduwa na ɗaga kai. Dutsen Shaho a bazara ba shi da ko ɗanyen ganye ɗaya, baƙi ne wuluk a wani gefen, ja a wani gefen, duwatsu sun hau kan juna kamar an zubar da su daga kwando. Iska ma ta tsaya cak. Na bi wata tsaga da na sha ganin Baba yana shiga, tana cike da ƙaya da kashin rema. Da farko da ƙarfina nake tafiya, har ina magana ni kaɗai, ina faɗa wa Isiyaku maganganun da ban taɓa faɗa masa ba. Kafin in yi rabi baki ya bushe, maganar ta tsaya.

Daga rabi zuwa sama babu tsaga, sai falalen dutse mai sulɓi wanda dole ka dafa da hannu. Na dafa na janye, kamar na taɓa tanda. Na cire hula na naɗe hannu ɗaya, ɗayan na sa bakin riga, kaina kuma ya zauna a fili rana tana dukansa. Sabon takalmin nan da na yi taƙama da shi ya yi laushi, zafi yana ratsowa har tafin ƙafa, igiyarsa ta yanke ni a tsakanin yatsu. Gumi yana shiga ido, in na share sai wani ya zubo, can kuma sai ya daina zubowa gaba ɗaya, ban san wannan ce muguwar alama ba. Ko ƙadangare ban gani ba, duk sun shige ramuka, sun fi ni hankali. Ruwan gora ya yi zafi kamar na shayi, amma nakan ce kurɓi ɗaya kawai, in yi uku. Sau biyu ina hawa in tarar da bango a gabana, in sauko in sake hanya. A wani wuri na zauna na dubi ƙasa, na hango gonaki fari fat, da rugage, da hanyar da na biyo kamar zare, zuciyata ta ce koma gida. Sai na tuna ran Asabar Isiyaku zai bi nan da sanyin safiya, Baba yana gaba yana cewa sa ƙafarka nan, Isiyaku, riƙe nan, Isiyaku. Na miƙe.

Rana tana tsaka na kai ƙololuwa. Ban sha wahalar neman hanon ba, shi kaɗai ne a tsaye. Na zaci zan ga wani ƙaton itace, sai na ga abu bai fi tsawon mutum biyu ba, kaurinsa kamar turmi, babu ganye ko ɗaya, ɓawonsa yana saɓulewa kamar tsohuwar takarda, ƙaro ya daskare a jikinsa yana ƙamshi. A gefen gabas da na yamma ga tabon sassaƙe a jere, wani kan wani, na ƙasa sun rufe sun yi baƙi, na kakanmu ke nan ko na ubansa, na sama kuma na Baba, kowanne daidai faɗin tafin hannu. Gefen kudu da na arewa lafiya lau, ba a taɓa sa musu ƙarfe ba, ta nan itacen yake shan ransa. Na yi bisimilla na sassaƙi gabas, na zaga na sassaƙi yamma. Da na tsaya a nan, da yau wani labarin nake ba ku.

Amma na tsaya ina kallon tabon nan, na ga inda na Isiyaku zai zauna a saman na Baba, da na 'ya'yansa a saman nasa, nawa kuma tabon ɓarawo ne da ba wanda zai ƙirga. Kada wani ya ce muku rashin sani ne, ko rana ce ta taɓa mini kai. Manomi ne ni, na san abin da yake faruwa da itacen da aka zagaye wa ɓawo, da haka muke kashe itace a sabuwar gona. Na sa gizago na haɗe gabas da kudu, kudu da yamma, na zagayo har na dawo inda na fara, na bar farin zobe a jikinsa faɗin kamu guda. Ina yi ina cewa a raina, in ban samu ba, kowa ma ya rasa. Da na gama na ji wani sanyi a zuciya, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, daɗi na ji. Bai kai tsawon shan ruwa ba ya wuce.

A saukowa ne dutsen ya karɓi hakkinsa. Na ɓata hanyar da na hau, idona yana ganin abu biyu-biyu, na taka wani sulɓi takalmin ya tafi da ni. Na gangara na faɗa tsakanin duwatsu biyu, ƙafar hagu ta maƙale ta juya, na ji ƙarar ƙashin da kunnena. Gorar ta fashe, ɗan ruwan da ya rage ya zube, kafin in kai hannu dutse ya shanye shi. Na ja jiki na shige ƙarƙashin wani dutse da ya yi rumfa, inuwarsa ba ta fi tabarmar salla ba. Nan na kwanta, harshe ya kumbura, ungulu biyu suna shawagi a sama ba sa gaggawa. Na yi salati, na tuna Habibu, na yi kuka babu hawaye.

Abin da ya faru a gida daga baya na ji shi. Baba ya nemi gizago zai wasa, bai gani ba. Hajara ta kasa daurewa ta gaya wa Inna, Inna ta gaya masa. Aka ce ya dubi rana, ya sa Isiyaku ya aro babur ɗin maƙwabci, suka cika jarka da ruwa. Da suka ga kekena a gindi, Isiyaku ya roƙe shi ya zauna a inuwa shi ya hau. Baba ya ce ai ba ka san hanya ba. Tsohon da ya haura saba'in ya kama hawan Dutsen Shaho bayan azahar, lokacin da dutsen ya gama shan rana yana amayar da ita.

Muryar Isiyaku na fara ji, tana tahowa daga ƙasa, Yaya, Yaya. Ku ji irin halin ubanku. Ina kwance ina jiran mutuwa, amma da na ji muryarsa sai na ce a raina, wato shi ne ma zai tsince ni, a ce ya ceci yayansa, a ƙara masa wannan a kan sauran. Na yi shiru. Suka matso har ina jin numfashin Baba yana fita da ƙyar, da ƙarar jarka tana bugun dutse. Tsakanina da su bai fi taku ashirin ba, dutse ne kawai ya kare. Sai Isiyaku ya yi shiru, na ji wata murya da na sani, tana faɗin abin da ban taɓa ji ta faɗa ba.

“Haruna.”

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ashe haka yake faɗinsa, yana jan ƙarshen kaɗan, irin na mutanen rugarsu. Shekara ashirin da takwas ina son in san wannan. Muryata ta dushe, gaskiya ne, amma gizago yana hannuna, da na buga shi a dutse sau ɗaya da sun ji. Ban buga ba. So nake ya ƙara. Na ce bari in ji sau ɗaya tak, sannan in amsa.

“Haruna!”

Wannan karon daga sama ta fito, sun wuce ni, sun kama falalen nan mai zafi. Na rufe ido ina jujjuya sunan a kunnena kamar yaro da alewa. Har ina cewa a raina, Isiyaku, kana ji ko, ni ma ina da suna. Na uku ya zo daga can ƙololuwa, siriri, ya karye a tsakiya. Daga nan ban ƙara jin komai ba. Sai a lokacin hankalina ya dawo, na tuna abin da yake tsaye a ƙololuwar, na tuna ƙirjin tsohon da na bari ya hau. Na kama bugun dutse da gizago kamar mahaukaci.

Isiyaku ne ya sauko ya same ni. Ya jiƙa hularsa ya matsa mini a baki, yana ba ni ruwa kaɗan-kaɗan. Ya ga sassaƙen da ya cika mini aljihu da gaban riga, ya kau da kai. Na tambaye shi Baba, ya ce yana sama yana hutawa. Sai da la'asar ta yi sanyi Baba ya sauko inda muke, yana dogara wani ɗanyen reshe da ya karyo, fuskarsa ta yi toka-toka, leɓɓansa sun tsage. Na jira ya zage ni, na jira ya ɗaga reshen ya sauke mini. Ya durƙusa ya kama ƙafata ya lalluba, wannan ne karo na farko da na san taushin hannunsa, ya ja ta ya ɗaure da rawaninsa. Sannan ya ce:

“Isiyaku, goyi yayanka. Ku bi ta hagu, ta fi sauƙi.”

Haka muka sauko, ƙanen da na hau dutse don in tozarta yana ɗauke da ni a baya kamar buhun gero, yana ajiye ni ya koma ya riƙo Baba. A gindi ne Isiyaku ya ce, in an tambaya, Yaya ya zo ɗebo wa Baba magani ne ya zame. Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Daga ranar Baba bai ƙara zuwa gona ba. Zazzaɓi ya kwantar da shi, ya tashi, ƙirji ya sake kwantar da shi. Mutane suka ce tsufa ne, kuma ajali ba ya wuce lokacinsa, na yi imani da haka. Amma ni na san taku nawa ne tsakanin inda nake kwance da ƙololuwa, na kuma san wanda ya sa shi ya yi su. Bai taɓa tayar da maganar hanon ba, ko da ni ko da wani. Da ruwan farko ya sauka, ina zaune da sanda a ƙofar ɗakina, Inna ta zo da reshen nan da Baba ya dogaro, ashe ya sa an ajiye shi a bayan randa. Ta ce ya ce a ba mai gizago ya dasa. Ta juya za ta tafi, sai ta tsaya, ta ba ni baya kamar yadda ta saba, ta ce:

“Da ka yi haƙuri. Ƙanenka zai nuna wa hanya don shi ya kai ka baɗi. Ubanku ma ɗan fari ne, baffansa ne ya hau da shi. Yaya za a yi ya tsaya da kai ku biyu a kan dutse yana yi maka magana baki da baki?”

Ko gaskiya ce, ko ta faɗa ne don ta sanyaya mini, ban sani ba. Na tambayi Isiyaku sau ɗaya, ya ce Allah ya jiƙan Baba, ya shiga wata maganar. Baba ya rasu gero yana fitar da kai. Kwana uku na ƙarshe ban bar bakin ɗakinsa ba, ina jira ko zan ji na huɗu. Ya kira Inna, ya kira Isiyaku, ya yi kalmar shahada. Ni kuma da ya ga inuwata a ƙofa cewa ya yi, “A ce da yayanku ya je ya duba shanu.”

Da bazara ta zagayo Isiyaku ya hau shi kaɗai, ya dawo ya ce hanon ya bushe, iska ma ta kayar da shi. Ya zo har ɗakina da jakar maganin Baba da gizagon, ya ce ni ne babba. Na ce ya ɗauke su daga gabana. Ba kirki ne ya sa ni ba, hannuna ne ba zai iya riƙe gizagon ba. Shi ya ci gaba da sana'ar da abin da ya samu, Allah kuma ya sa mata albarka, hassada ga mai rabo taki ce. Har gobe in na wuce zaurensa na ga takalma a jere a ƙofa, sai na ji ɗan abin nan ya motsa a ƙirjina, sai in yi a'uziyya in yi sallama in shiga mu gaisa. Reshen kuwa ya kama. Shi ne hanon da yake bayan rumbu, wanda kuka yi ta ɗaure lilo a jikinsa ina korarku. Daga jikinsa baffanku yake sassaƙa duk shekara, gabas da yamma, ko da yake mu biyun mun san ya sha ruwa ya ƙoshi.

Habibu, kai ne ɗan farina. Ka sha jin kunya a gaban abokanka saboda yadda nake ƙwala maka kira a kasuwa da masallaci, tsofaffin garin nan kuma sun sha cewa Haruna ba shi da ta ido. Su faɗa, na ji na ɗauka. Ni sau uku na ji nawa a bakin ubana, biyu daga ciki kuma da numfashinsa na saye su. Zan ci gaba da kiran naka har ranar da murya za ta ƙare. Abu ɗaya nake roƙonka: duk inda kake, in ka ji na kira, ka amsa tun a na farko.